Tsakanin Abuja da Yamai: Yadda Muka Nemi Tikiti Mai Araha Daga Daura



Daga tsakiyar garin Daura zuwa bakin iyakar Kwangwalam ba ta kai tafiyar awa guda a mota ba. In ka tsallaka sai Ɗan Barto, sai Matamai, sai Damagaram. Ranar Lahadi a kasuwar Mai'aduwa naira da sefa a aljihu ɗaya suke kwana, kuma da wuya ka shiga unguwa a garin nan ka rasa gidan da ke da dangi a tsallake. Amma duk ranar da aka ce ɗan Daura ya tafi Yamai ta jirgin sama, sai ya fara juya wa Nijar baya. Zai nufi kudu, ya wuce Kano da Kaduna, ya ci sama da kilomita 500 kafin ya isa Abuja. Daga nan sau da yawa jirgi zai ƙara nausawa da shi kudu har bakin teku, ya sauke shi a Lome ko Abijan, sannan wani jirgin ya dawo da shi arewa. Alhali tsakanin Abuja da Yamai, in da miƙewa za a yi, bai cika kilomita 800 ba.

Wani zai ce mene ne haɗin marubuci da farashin jirgi? Haɗin yana da yawa. A shekarar 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. A Yamai akwai Jami'ar Abdu Mumuni, akwai cibiyar CELHTO ta Tarayyar Afirka da ke tattara tarihin baka da nazarin harsuna, akwai maɗaba'u da gidajen rediyo masu aiki da Hausa. Masu karatu suna can, kuma yawancinsu ba su taɓa riƙe littafin ɗayanmu ba, kamar yadda mu ma ba mu san nasu ba. Har ƙa'idar rubutu akwai ɗan bambanci: inda muke rubuta 'ya'ya da ɗan waƙafi a sama, su suna da harafin ƴ mai lanƙwasa. Irin waɗannan abubuwa ba a gama su a waya, sai an zauna a tabarma ɗaya. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar nan kuɗi take ci.

Kwanakin baya gayyata ta zo wa ƙungiyarmu ta marubuta daga wasu 'yan uwa na Yamai da suka shirya zaman karatu da baje littattafai. Sun ɗauki nauyin masauki da abinci, kuɗin hanya kuwa suka bar mana. Mutum uku muke son turawa, cikinsu har da wata 'yar uwa wadda gajeren labarinta ne aka zaɓa za a karanta a zaman. Abin da ke asusunmu kuɗin karo-karo ne na wata-wata da ɗan abin da iyayen ƙungiya suka taimaka. Sai muka kwashe kusan mako biyu muna bincike, kuma abin da muka gano ne muke son mu ajiye a nan, ko zai rage wa wani wahala.

Tambayar farko da ta dame mu ita ce, me ya sa tafiyar da ba ta kai awa biyu a sama ba take da tsada haka? Da muka bi diddigi sai muka ga dalilan sun daɗe. A 1961 ƙasashe renon Faransa, har da Nijar, suka haɗu suka kafa kamfanin Air Afrique, wanda ya riƙa haɗa manyan biranensu. Ya durƙushe a 2002. Kamfanin Nigeria Airways shi ma ya daina tashi a 2003. Giɓin da suka bari kamfanoni irin su ASKY mai cibiya a Lome da Air Côte d'Ivoire mai cibiya a Abijan ne suka zo suna cikewa, kuma tsarinsu shi ne su tattaro fasinjoji daga garuruwa daban-daban zuwa cibiyarsu, sannan su rarraba su. Shi ya sa za ka ga an kai ka bakin teku kafin a kai ka bakin Kwara. Duk filin jirgin da ka taka kuwa akwai kuɗin da ake caja, kuma a cikin tikitinka yake.

In ka buɗe bayanin farashi a shafin kamfani za ka ga an raba shi biyu: ainihin kuɗin kujera, da kuma haraji da sauran caje-caje. A tafiye-tafiyen Afirka ta Yamma wannan kaso na biyu ba ƙarami ba ne. Shugabannin ECOWAS da kansu sun amince da haka, domin a taronsu na Abuja a watan Disamban 2024 sun yanke shawarar soke wasu haraji da rage kuɗin fasinja da na tsaro da kashi 25 cikin 100, suka tsayar da 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar farawa. Sai dai Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025. Tun kafin wannan ma an yi alƙawura: yarjejeniyar Yamusukuro ta 1999 da ta ce a buɗe sararin Afirka ga kamfanonin Afirka, da shirin kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya da aka ƙaddamar a Adis Ababa a Janairun 2018. Takardu sun yi nisa, farashi bai bi su ba.

Ga kuma batun canji. Man jirgi da kayan gyara da inshora duk da dala ake lissafa su. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A wannan tsakanin kuɗaɗen kamfanonin jiragen waje da suka maƙale a Najeriya sun haura dala miliyan 800, har wasunsu suka rufe kujeru masu araha ga masu saye da naira. Sefa kuwa ɗaure take da kuɗin Turai na yuro, ba ta rawa irin ta naira, saboda haka duk abin da za ka kashe a can ya ƙara nauyi a aljihunmu. A kan wannan duka siyasa ta ɗora nata. A 2022 kamfanin Air Peace ya buɗe layin Yamai, mutane suka fara murna. Da aka yi juyin mulki a ranar 26 ga Yulin 2023 sai aka rufe iyakoki, aka tsayar da jirage, ba a sake buɗewa ba sai a Maris ɗin 2024. Mu da ke bakin iyaka mun ga yadda kasuwa ta yi sanyi a waɗannan watanni. Layin da ke buɗewa yana rufewa haka, kamfanoni ba sa gogayya a kansa, inda babu gogayya kuwa mai saye ba shi da bakin ciniki.

Duk da haka akwai araha a cikin tsada, ga wanda ya san yadda ake sayar da kujera. Kujerun jirgi ɗaya, a aji ɗaya, ba farashinsu ɗaya ba. Kamfani yana kasa su kashi-kashi, kowane kashi da harafinsa da farashinsa da sharuɗɗansa. Masu araha kaɗan ne, su suke fara ƙarewa, in sun ƙare sai kwamfuta ta hau da kai kashi na gaba. Mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya biya ninkin na ɗaya. Don haka makami na farko shi ne lokaci. Wanda ya nemi tikiti saura wata guda ko biyu yana da zaɓi, wanda ya nema saura kwana uku sai abin da aka yanka masa. Darasi a nan ga ƙungiyoyi shi ne, da zarar an ji ƙishin-ƙishin gayyata a nemi masu taro su tsayar da rana a rubuce.

Makami na biyu shi ne sassauci a kan rana. Mun yi amfani da Google Flights da Skyscanner, muka kuma leƙa shafukan dillalai na gida irin su Wakanow da Travelstart. Amfanin na farkon shi ne suna nuna kalandar wata guda da farashin kowace rana. A nan muka lura cewa ba kullum ake samun haɗin jirage mai kyau ba. Wata rana awa biyu kawai za ka jira a Lome, wata rana sai ka kwana, wata ranar ma sai a nuna maka hanyar Adis Ababa, wato ka ratsa nahiyar gaba ɗaya don ka je maƙwabta. Matsar da tafiya da kwana ɗaya kan sauke farashi ko ya cire kwanan hanya. Lokutan da kowa ke tafiya, kamar ƙarshen Disamba da gab da bukukuwan Sallah, ba lokacin neman rangwame ba ne. In ka ga farashin da ya yi maka, kada ka tsaya a shafin bincike. Je shafin kamfanin da kansa ka gwada, domin wani lokaci adadin da aka nuna maka a farko yakan ƙaru idan ka zo biya.

Na uku, kada Abuja ta rufe maka ido. Babban birni ne, amma ba shi ne kusa da mu ba. Filin jirgin Malam Aminu Kano na ƙasa da ƙasa ne, kuma daga Daura zuwa Kano wajen kilomita 130 ne, ta Kazaure da Ɗambatta. Duk lokacin da za ka bincika, ka gwada Kano, ka gwada Abuja, ka gwada har Legas, sannan ka ɗora wa kowanne kuɗin isa can. Filin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina ya fi kusa, sai dai in ka hau jirgi daga nan zuwa Abuja ka ƙara tikiti na biyu. A nan akwai tarko: in ka yanki tikiti biyu daga kamfanoni biyu daban, na farko ya makara har na biyu ya tashi, babu wanda zai ɗauki asararka. In kuwa tikiti ɗaya ne ya haɗa zangon duka, kamfani ne zai nemo maka wani jirgin.

Na huɗu ya shafe mu marubuta kai tsaye, wato kaya. Littafi yana da nauyi. Kwafi ɗari na ƙaramin littafin labari kan cinye kilon da aka ba mutum, kuma tikitin da ya fi kowanne araha sau da yawa shi ne mai ƙarancin kilo, wanda ba a canza masa rana sai da tara, ba a kuma mayar da kuɗinsa. Kuɗin ƙarin kilo a filin jirgi kan share duk rangwamen da ka yi murnar samu. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Karanta sharuɗɗan nan da ake rubutawa da ƙananan haruffa, kamar yadda za ka karanta yarjejeniyar maɗaba'a kafin ka sa hannu.

Na biyar, a kula da ejan. Akwai na ƙwarai masu ofis da rajista, kuma sukan yi amfani, musamman ga wanda katin bankinsa ba ya biya a shafukan waje. Akwai kuma masu farauta a WhatsApp. Wani ya turo mana farashin da ya yi ƙasa da na kowa sosai, har da takarda mai tambarin kamfani, ya ce a yi sauri a tura kuɗi kafin kujera ta tafi. Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, kama kujera daban, yankan tikiti daban. Idan an kama kujera ana ba da lambar shaida mai haruffa da lambobi shida, kuma za ka iya ganin sunanka a shafin kamfani, amma in ba a biya ba bayan ɗan lokaci sai ta goge da kanta. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13. Muka nemi wannan lamba, mutumin ya shiga kwana-kwana, muka bar shi da takardarsa. Haka nan a tabbata sunan da ke tikiti ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Mu da ake rubuta mana Muhammad a nan, Mohammed a can, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A tanadi katin rigakafin shawara, a kuma tambayi halin da ake ciki game da takardun shiga kafin a biya, domin dokoki tsakanin ƙasashen biyu suna canzawa.

Bayan duk wannan sai muka koma ga abin da aka koya mana a ajin difloma: a ja layi a tsakiyar takarda, a jera kowane kashe-kashe. A hagu muka rubuta hanyar sama: mota daga Daura zuwa Kano, Kano zuwa Abuja, kwana ɗaya a Abuja tunda ba a yin caca da lokacin tashi, tasi zuwa filin Nnamdi Azikiwe da ke nesa da gari, tikiti, abinci a wurin jira, tasi daga filin Diori Hamani zuwa masauki, sannan a maimaita duka a dawowa. A dama muka rubuta hanyar ƙasa: Daura zuwa Katsina wajen kilomita 80, Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa wajen 90, sai babbar bas daga Maraɗi zuwa Yamai ta Kwanni da Dogon Dutsi da Doso, kilomita ɗari shida da wani abu, tafiyar wuni guda in an tashi da asuba. Akwai kuma ta Kwangwalam zuwa Damagaram, daga can wajen kilomita 900 zuwa Yamai. Da muka tara, sai ga abu biyu sun fito fili. Kuɗin mutum ɗaya ta sama ya isa ya kai mutane da yawa ta ƙasa. Sannan a lokaci ma jirgin bai tsere wa mota da nisa ba, domin kowace hanya kwana biyu take ci daga ƙofar gida zuwa ƙofar masauki.

Da a kan kuɗi kaɗai za a yanke hukunci, da magana ta ƙare a nan. Amma akwai abin da ba ya shiga layin lissafi. Kowa ya san halin da yankin Jibiya ya shiga na matsalar 'yan bindiga, kuma a cikin Nijar ma akwai sassan da matafiya ke taka-tsantsan. Akwai shingaye, akwai zafi, akwai gajiya. Mahaifin 'yar uwarmu ya faɗa mana kai tsaye cewa ba zai bar 'yarsa ta yi wannan doguwar tafiya a mota ba, kuma babu wanda ya ga laifinsa a cikinmu. A nan muka fahimci wanda tsadar tikiti ta fi cuta. Namiji zai rataya jaka ya bi tasha. Mata kuwa, waɗanda su ne suka fi yawa a rubutun labaran Hausa na yau, da dattawa da marasa ƙoshin lafiya, su ake bari a gida. Sai a yi taro a kan adabi, a karanta labarin mace, ita kuma tana Daura tana jiran a turo mata hoto.

Shawarar da muka yanke ita ce a raba tafiyar. Kaso mafi girma na asusu ya tafi ga tikitinta, wanda muka saya da wuri, a ranar tsakiyar mako mai gajeren jira, tikiti ɗaya har Yamai, yayanta da ke aiki a Abuja ya raka ta filin jirgi, masu masauki suka tarbe ta. Ba ta ɗauki komai ba sai jakar hannu. Maza biyu suka bi ta Maraɗi da kwalayen littattafai, suka canza kuɗinsu tun daga gida, suka kiyaye tafiyar dare. Ita ta karanta labarinta da bakinta. Su kuma suka dawo da littattafan marubutan can, waɗanda yanzu suke zagayawa hannu-hannu a tsakaninmu, har wasu sun fara sabawa da harafin nan mai lanƙwasa.

Akwai abin da ke ba mu dariya in mun tuna. Har zuwa 1926 Damagaram ce hedikwatar Nijar kafin Faransawa su mayar da ita Yamai, Najeriya kuma sai a Disamban 1991 ta tashi daga Legas ta koma Abuja. Da Damagaram ta ci gaba da riƙe matsayinta, da ɗan Daura zai karya kumallo a gida ya yi azahar a babban birnin wata ƙasa. Manyan birane gwamnatoci ne suka zaɓe su, layukan jirage kuma su suke bi. Hanyoyin da kakanninmu suka bi da jakuna da raƙuma ba su san da wannan tsari ba. Shi ya sa muke sa ido a kan layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, mai tsawon kilomita 284, wanda aka tsara zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ga kuma jami'ar sufuri ta tarayya a nan garin. In jirgin ƙasa ya fara kai mu Maraɗi, kashin farko na tafiyar Yamai ya zo da sauƙi, kuma iyaye da dama za su fi sakin jiki.

Kafin wannan rana, ga abin da muke roƙon 'yan uwa. Kowace ƙungiya ta ware asusun tafiya daban da na buga littafi, ko da kaɗan-kaɗan ne, domin tikiti mai araha na wanda kuɗinsa ke hannu ne ranar da ya bayyana. Masu shirya taro su sanar da rana da wuri, su faɗi ƙarara abin da suka ɗauka da wanda ba su ɗauka ba. Wanda duk ya yi tafiya, ta sama ko ta ƙasa, ya rubuta lissafinsa dalla-dalla da kwanan wata: nawa ya biya, ina ya kwana, wace takarda aka tambaye shi a iyaka, awa nawa ya jira. Muna rubuta jarumai suna hawa jirgi zuwa Dubai da Landan a shafi ɗaya ba tare da sun tambayi farashi ba, alhali labarin yadda ake zuwa maƙwabta bai sami mai rubuta shi ba. Mu mun buɗe littafin ajiye irin wannan lissafi a ƙungiyarmu, shafin farko na tafiyar Yamai ne, kuma duk mai shirin tafiya ƙofa a buɗe take ya zo ya duba.

Allah ya kai kowa inda ya nufa lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.